Fulani ake kashewa a Mali da Burkina Faso, ko 'yan ta'adda?

Wani malamin makaranta daga Maraɗi ya aiko da wannan tambaya: "Kullum muna jin cewa sojojin Mali da na Burkina Faso suna kashe Fulani da sunan yaƙi da ta'addanci. Wasu kuma suna cewa farfagandar Faransa ce don a shafa wa gwamnatocin soja kashin kaji, tunda ai yawancin 'yan ta'addan yankin Fulani ne. Mene ne gaskiyar maganar? Kuma ana iya kiran abin kisan ƙare dangi?"

Malam, Allah ya ƙara basira. Tambayarka uku ce a cikin ɗaya, kuma zan fara da wadda ta fi sauƙi. E, ana kashe Fulani fararen hula a wuraren da sojoji da 'yan sa-kai suke aikin yaƙi da ta'addanci a tsakiyar Mali da arewaci da yammacin Burkina Faso. Wannan ba jita-jita ba ce. Akwai sunayen garuruwa, akwai ranaku, akwai kaburbura, kuma a wasu lokutan gwamnatocin da kansu sun amsa. Haka nan gaskiya ne cewa akwai Fulani da yawa a cikin mayaƙan masu iƙirarin jihadi a waɗannan yankuna. Inda ɓarnar take shi ne inda aka ɗauki magana ta biyu aka mai da ita hujjar ta farko, wato aka yi wa ƙabila guda kuɗin goro, har ya zama kamannin mutum da harshensa da sunan ƙauyensu sun wadatar a matsayin shaidar laifi.

Bari in kai ka Moura, don a can ne abin ya fi fitowa fili.

Moura gari ne a yankin Mopti, ba nisa da Djenné. Ranar Lahadi 27 ga Maris 2022 kasuwar garin ke ci, azumi saura 'yan kwanaki, makiyaya da fatake sun cika gari ana cinikin dabbobi da kayan abinci. Garin ya daɗe a hannun mayaƙan Katiba Masina, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta tsakiyar Mali, su ke karɓar zakka, su ke yanke hukunci, su suka tilasta wa maza barin gemu da ɗage wando. Da hantsi sai jirage masu saukar ungulu guda biyar suka iso. Ɗaya ya buɗe wuta daga sama, sauran suka sauke sojojin Mali tare da wasu fararen fata da ba sa jin Faransanci, waɗanda duniya ta sani da mayaƙan Wagner na Rasha. Akwai 'yan bindiga a cikin kasuwar, sun kuma mai da martani. An mutu a wannan artabun, mayaƙa da fararen hula. Da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce yaƙi ne, a yi ta jayayya a kan ko sojoji sun yi taka-tsantsan ko ba su yi ba.

Amma ba a nan ya tsaya ba. Sojoji sun kewaye garin har zuwa 31 ga wata. Suka bi gida gida suka fito da maza, suka zaunar da su a rana a wurare daban-daban, dubbai. Sai aka shiga tantancewa. Mai dogon gemu, gefe guda. Mai ɗangalallen wando, gefe guda. A buɗe kafaɗar mutum, in an ga tabo ko kanta a ce shaidar rataya bindiga ce. Har wanda aka ga yana rawar jiki don tsoro ana warewa. Waɗanda aka ware sai a kora su rukuni rukuni a harbe, a sa mutanen gari su haƙa rami. Ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahotonsa a watan Mayu 2023, ya ce aƙalla mutum 500 aka kashe, ciki har da mata kimanin 20 da yara 7, an kuma yi wa mata da 'yan mata aƙalla 58 fyaɗe ko wani cin zarafi makamancinsa. Ofishin ya ce yana da sunayen mutum 238 daga cikin mamatan. Rundunar sojin Mali kuwa cewa ta yi ta kashe 'yan ta'adda 203.

Ka dubi ma'aunin da aka yi amfani da shi. Gemu da ɗage wando doka ce da masu bindiga suka ɗora wa kowa, wanda ya ƙi ya sha bulala ko abin da ya fi bulala. Kanta a kafaɗa kuwa, duk wanda ya san makiyayi ya san yadda yake saɓa sandarsa tun yana yaro, ga gora, ga igiya. Wato alamomin da ke nuna cewa mutum ya rayu a ƙarƙashin mulkin 'yan bindiga, ko kuma sana'arsa kiwo ce, su aka karanta a matsayin shaidar cewa shi ɗan bindiga ne.

Akwai wani abu da nake so ka riƙa lura da shi idan kana bin labaran nan: ranar kasuwa. A Boulikessi, cikin watan Mayu 2018, an harbe wani soja a kasuwar dabbobi, sai sojojin Mali da ke aiki ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Sahel biyar, wato G5 Sahel, suka kashe fararen hula 12, kuma rundunar MINUSMA ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar da haka. A Hombori, 19 ga Afrilu 2022, nakiya ta tashi da motar sojoji ranar kasuwa, sai sojoji suka kashe fararen hula aƙalla 50, suka kama ɗaruruwa. A Sébabougou, 12 ga Afrilu 2025, an kwashe maza kusan 100 a kasuwa, yawancinsu Fulani, bayan kwanaki aka tsinci gawarwaki da dama kusa da sansanin soja na Kwala. A Diafarabé, garin da shanu ke ƙetare kogi kowace shekara ana shagali, wata guda bayan na Sébabougou aka kama maza a kasuwar dabbobi, aka kashe fiye da 20. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makiyayi yana daji kwana shida, ranar kasuwa kaɗai yake fitowa ya sayar da ɗan maraƙi ya sayi gero da gishiri da kanwa da maganin dabbobi. 'Yan bindiga ma ranar suke shigowa sayayya. Sojan da ba ya iya shiga daji, ba shi kuma da sahihin bayanin sirri, sai ya jira kasuwa ya jefa koma, ya kamo duk wanda ta kamo. Da zarar na ji sanarwar soja ta ce an hallaka 'yan ta'adda da yawa a gari kaza, abin da nake fara nema shi ne ko ranar kasuwar garin ce. Daga nan sai in duba ko an nuna makamai daidai yawan gawarwakin, da ko akwai waɗanda suka ji rauni ko aka kama da rai. Faɗan gaske yana barin masu rauni fiye da matattu. In aka ce an kashe ɗari biyu babu ko mai rauni ɗaya, to akwai magana.

Yanzu sai maganar "ai yawancinsu Fulani ne". Ba zan kauce mata ba. Amadu Kufa, wanda ya kafa Katiba Masina da ta ɓulla a farkon 2015, Bafulatani ne, mai wa'azi da ya yi suna da waƙoƙi da huɗubobi cikin Fulfulde tun kafin ya ɗauki bindiga. A 2017 ƙungiyarsa ta shiga gamayyar masu iƙirarin jihadi ta JNIM ƙarƙashin Iyad Ag Ghali, wanda shi Buzu ne, abin da masu maganar kan manta. A watan Nuwamba 2018 Kufa ya fito a wani bidiyo yana kiran Fulanin Afirka ta Yamma su tashi jihadi, kuma ba na jin akwai abin da ya cuci Fulanin karkara kamar wannan kiran. A Burkina Faso, Malam Ibrahim Dicko na Djibo ne ya kafa Ansarul Islam, wadda ta kashe sojoji 12 a Nassoumbou a watan Disamba 2016, kuma ƙaninsa Jafar ne ya gaje shi.

To me ya ja matasa gare su? Kaɗan ne suka shiga don karatun aƙida. A yankin Masina, tun zamanin daular Seku Amadu da aka kafa a 1818, wadda ba ta yi nisa da jihadin Shehu Usmanu ba, makiyayar burgu, wato ciyawar fadamar kogi, tana hannun wasu gidaje da ake kira jowro, su ke karɓar kuɗi kafin garke ya shiga. Da tafiya ta yi nisa kuɗin ya hauhawa, jami'an gwamnati suka sa hannu a ciki, ma'aikatan gandun daji suna cin tarar makiyayi a kan reshen itace, alƙalai suna jan shari'ar gona da burtali shekara da shekaru har sai an sayar da rabin garke. Kufa ya zo ya ce ƙasa ta Allah ce, ba jowro, ba tara, shari'a kuma a gama ta a yini ɗaya. Malam Dicko ma da sukar sarakuna da manyan malamai ya fara, shi ya sa ya samu karɓuwa wurin talakawa da Rimayɓe, zuriyar bayin da. A kan iyakar Mali da Nijar kuwa, satar shanu tsakanin Fulani da makiyayan ƙabilar Dawsahak ce ta tura wasu matasa neman bindiga wurin duk wanda zai ba su. Wato tawayen ya faro ne a matsayin rikici a cikin al'ummar Fulani kanta, talaka da basarake, kuma waɗanda masu bindiga suka fara yankawa hakimai ne da limamai da dagatai Fulani. Magajin garin Djibo kuma ɗan majalisa, Oumarou Dicko, a harin kwanton ɓauna ya mutu a watan Nuwamba 2019. Garin Djibo, wanda yawancin mutanensa Fulani ne, tun farkon 2022 masu iƙirarin jihadi suka datse hanyoyinsa, har mutane suka koma cin ganye.

Sannan a yi lissafi mai sauƙi. Fulani miliyoyi ne a Mali da Burkina Faso, mayaƙan kuwa dubbai. Ko da a ce duk mayaƙi Bafulatani ne, wanda ba haka ba ne, ba zai sa Bafulatanin da ka tsinta a tasha ya zama mayaƙi ba.

Abin da ya fi komai rura wutar, a ganina, shi ne miƙa yaƙin ga maƙwabta. Soja daga kudu da aka kawo Bankass a tsakiyar Mali bai san kowa ba, bai jin Fulfulde, bai jin Dogon. Wa zai nuna masa ɗan ta'adda? Maharbin ƙauyen da ke kusa, wanda shekara ashirin suna rigima da rugar a kan mashaya ko gonar da shanu suka shiga. A Mali ƙungiyar maharba ta Dan Na Ambassagou, ƙarƙashin Youssouf Toloba, ta taso a matsayin mai kare ƙauyukan Dogon, gwamnati kuma ta kau da kai, wani lokaci ma ana sintiri tare. Ranar 1 ga Janairu 2019 aka kashe Fulani 37 a Koulogon. Ranar 23 ga Maris na shekarar, da asuba, mutane sanye da kayan maharba suka afka wa Ogossagou, suka kashe kimanin 160, mata da yara da tsofaffi, wasu an ƙone su cikin ɗakuna. A lokacin tawagar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya tana cikin ƙasar tana ziyara. Shugaba Ibrahim Boubacar Keïta ya kori manyan hafsoshi, ya ce ya rusa ƙungiyar Dan Na Ambassagou, gwamnatin Firayim Minista Soumeylou Boubèye Maïga ta faɗi a watan Afrilu. Ƙungiyar ba ta ruguje ba. Ranar 14 ga Fabrairu 2020, sa'o'i kaɗan bayan sojojin da ke gadin garin sun janye, aka sake komawa Ogossagou aka kashe aƙalla 35.

A Burkina Faso haka aka faro da Koglweogo, 'yan banga masu kama ɓarayi. A Yirgou, farkon Janairu 2019, 'yan bindiga sun kashe sarkin ƙauyen da wasu mutane ƙalilan, sai 'yan banga suka bi rugage kwana da kwanaki. Gwamnati ta ce mutum 49, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta CISC da aka kafa a sanadiyyar abin ta ce 210. Maimakon a ja musu linzami, a watan Janairu 2020 majalisa ta yi dokar kafa 'yan sa-kai da ake kira VDP, horon mako biyu, a ba mutum bindiga. Da Kyaftin Ibrahim Traoré ya karɓi mulki a ƙarshen Satumba 2022, sai ya nemi ƙarin 50,000. Ɗaukar tana bi ta hannun shugabannin ƙauyuka, kuma a wurare da yawa ba a ɗaukar Fulani saboda ba a yarda da su ba. Ka ga an raba bindiga bisa layin ƙabila ke nan ba tare da an rubuta haka a takarda ba. A Nouna, 30 ga Disamba 2022, bayan an kai hari cikin dare, maharba suka shiga unguwannin Fulani suna fito da maza. Hukuma ta ƙirga gawa 28, Amnesty ta ce sun haura 80. A kewayen Solenzo, cikin watan Maris 2025, Human Rights Watch ta ce sojoji da VDP sun kashe Fulani aƙalla 130, kuma wasu daga cikin masu kisan da kansu suka ɗauki bidiyo a waya, mata da yara a ɗaure, ana yi musu ba'a. Gwamnati ta musanta, ta ce makirci ne.

Wannan ya kawo mu maganar farfagandar Faransa. Na san dalilin da ya sa maganar take shiga kunne, musamman a Nijar, don Faransa ba ta bar abin kirki da za a yi kewarsa ba. Amma ka dubi kwanan wata. Kaburburan Nantaka da Kobaka, inda aka samu gawa 25 a watan Yuni 2018, a zamanin gwamnatin farar hula ne mai ɗasawa da Faransa, kuma ministan tsaron Mali na lokacin, Tiéna Coulibaly, shi ya amsa cewa da hannun sojoji. Gawarwaki aƙalla 180 da aka riƙa tsinta a gefen hanya da ƙarƙashin gadoji a kewayen Djibo tsakanin Nuwamba 2019 da Yuni 2020, yawancinsu Fulani, idanu a rufe hannu a ɗaure, a zamanin Roch Marc Christian Kaboré ne. A Nijar, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ba wani Bature ba, ita ta binciki ɓatan mutum 102 a yankin Inates a 2020, zamanin Mahamadou Issoufou, ta gano gawa 71 a ramuka shida, ta ɗora alhakin a kan wasu jami'an tsaro. Kuma sashen da ya binciki Moura shi ne dai wanda ya binciki Bounti, inda jiragen Faransa suka jefa bam a kan taron ɗaurin aure ranar 3 ga Janairu 2021. Rahoton ya ce mutum 22 suka mutu, 19 fararen hula ne. Faransa ta ƙaryata, ta ce 'yan ta'adda ta kashe, kusan da kalmomin da Bamako ta yi amfani da su bayan shekara ɗaya. A 2017 da 2018 ma Faransa da Nijar sun haɗa kai da mayaƙan MSA da GATIA, ƙungiyoyin Dawsahak da Buzaye masu ɗauke da makamai, a kan iyakar Mali da Nijar, aka kashe Fulani fararen hula, abin da ya ƙara wa reshen ƙungiyar IS mabiya. Abin da ya canza bayan juyin mulki da zuwan Wagner shi ne girman kisan da kuma rufe bakin masu magana, ba asalinsa ba.

Na taɓa shiga sansanin Faladié a Bamako, inda Fulanin da suka gudo daga Mopti suka kafa bukkokin leda da tsumma a kan juji, kusa da karar shanu. Wani dattijo ya zaro katinsa na ɗan ƙasa daga cikin leda ninki uku ya nuna mini, ba don na tambaya ba, ya riga ya saba da nuna shi ga duk baƙon da ya gani da takarda a hannu. Ya ce a ƙauyensu in ka je gari ka dawo lafiya, yimɓe ladde, wato mutanen daji kamar yadda suke kiran masu bindiga, sai su ce ba a sako ka ba sai da ka yi musu rahoto. In ka zauna ba ka gudu ba, soja ya ce ba ka zauna lafiya ba sai da ka yi mubaya'a. Mutumin da ya mallaki shanu fiye da yadda zai ƙirga mini, a ranar yana jiran jikarsa ta dawo daga tsintar gwangwani. Gaba kura baya sayaki.

Kada kuma ka ɗauka jinin Fulani kaɗai ke zuba. An kashe 'yan Dogon 35 a Sobane Da a watan Yuni 2019. Masu iƙirarin jihadi sun kashe fiye da 130 a Solhan a 2021, sun kashe 86 a Seytenga a 2022, sun buɗe wuta a kan mutanen Barsalogho da ke haƙa ramukan tsaro a watan Agusta 2024. Sojojin Burkina ma sun kashe waɗanda ba Fulani ba: a Karma, Afrilu 2023, mutum kusan 150 ne, yawancinsu Mossi. Duk wanda aka zarga da barin 'yan bindiga su ratsa ƙauyensu yana cikin haɗari. Bambancin shi ne Bamoshe sai an zargi ƙauyensu, Bafulatani kuwa da zargin yake yawo duk inda ya sa ƙafa, har a shingen bincike a kan hanyar birni.

Ta fuskar doka babu wani ruɗani. Sashe na 3 da yarjejeniyoyin Janiba na 1949 suka yi tarayya a kansa, wanda ya shafi yaƙin cikin gida, ya haramta kashe duk wanda ba ya cikin faɗa, har da mayaƙin da ya ajiye makami ko aka kama. Saboda haka ko da a ce duk mutum 500 na Moura mayaƙa ne, harbe su bayan an zaunar da su a ƙasa laifin yaƙi ne. Wannan ita ce gaɓar da masu kare sojoji suke tsallakewa. Tambayar ba ta tsaya ga "su waye" ba, har da "a wane hali suke lokacin da aka harbe su". Idan kuma kisan ya yawaita ko ya zama tsari a kan fararen hula, ya shiga laifin cin zarafin bil'adama, kuma Volker Türk, shugaban ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar, ya ce abin da ya faru a Moura zai iya kaiwa nan. Kwamandan da ya sani, ko ya kamata ya sani, bai hana ba bai kuma hukunta ba, shi ma yana da alhaki.

Kisan ƙare dangi kuwa kalma ce mai nauyi, kuma ina yin kaffa-kaffa da ita. Yarjejeniyar 1948 ba ta dogara da yawan gawa ba, ta dogara da niyya: a tabbatar ana nufin shafe wata ƙabila, dukanta ko wani sashenta, don kasancewarta wannan ƙabila. Akwai abubuwan da ke nuni zuwa can. Kashe jarirai da tsofaffi a Ogossagou da Solenzo ba shi da wata fassara ta soja. Saƙonnin murya da suka yi ta yawo a WhatsApp a Burkina Faso suna kiran a gama da Fulani sun kai matsayin da gwamnati da kanta ta fito ta la'ance su a watan Agusta 2022. Tun bayan Ogossagou, Adama Dieng, mai ba Majalisar Ɗinkin Duniya shawara kan hana kisan ƙare dangi a lokacin, ya yi gargaɗi. A ɗaya ɓangaren, Fulani na zaune a Bamako da Wagadugu, suna cikin soja da gwamnati, Boubou Cissé da ya zama Firayim Ministan Mali wata guda bayan Ogossagou ma Bafulatani ne, kuma babu wata takarda ko umarni da ya fito yana nuna gwamnati ta tsara shafe su. Hukuncina shi ne: laifukan yaƙi, babu shakka. Cin zarafin bil'adama, hujjar tana da ƙarfi ƙwarai. Korar ƙabila daga wasu yankuna, ta riga ta faru, don akwai gundumomin da rugage suka zama kufai, dabbobin kuma sun koma hannun waɗanda suka kore su. Kisan ƙare dangi a matsayin manufar ƙasa, ba a tabbatar ba, amma wasu hare-haren 'yan banga, in aka ɗauke su ɗaya ɗaya, kotu mai zaman kanta za ta iya dubansu da wannan ido.

Kai da kake Maraɗi ba sai an yi maka dogon bayani ba, don kana jin abin da ke faruwa a Zamfara da Katsina, inda 'yan sa-kai suka riƙa kama Fulani a kasuwa suna yankawa a bainar jama'a, 'yan bindiga kuma suka mai da wannan hujjar ƙone ƙauyukan Hausawa. Rikicin ba ɗaya ba ne, na can fashi da garkuwa ne suka fi yawa ba aƙida ba, amma yadda ake gane "mai laifi" iri ɗaya ne. A Rukubi ta jihar Nasarawa, Janairu 2023, jirgin sojan saman Najeriya ya kashe makiyaya kusan 40 da suka dawo daga karɓo shanunsu da aka kama. Ghana ma a watan Yuli 2023 ta tasa ƙeyar ɗaruruwan 'yan gudun hijirar Burkina Faso, yawancinsu Fulani mata da yara, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a dakata.

Saura maganar hukunci, kuma a nan labarin gajere ne. Kotun soja ta Mopti ta ce ta buɗe bincike kan Moura tun Afrilu 2022, ba a ji sakamako ba. Ba a bar masu binciken Majalisar sun taka garin ba, da rahotonsu ya fito kuma sai gwamnati ta ce za ta tuhume su da leƙen asiri saboda sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam. An kori shugaban sashen kare haƙƙin ɗan'adam na MINUSMA, Guillaume Ngefa, a watan Fabrairu 2023, rundunar kanta ta tattara ta fice kafin ƙarshen shekarar. A Burkina Faso, Dokta Daouda Diallo na CISC, wanda ya fi kowa tattara sunayen mamata tun daga Yirgou, an ɗauke shi a Wagadugu ranar 1 ga Disamba 2023, aka sa masa kakin soja aka tura shi fagen daga, sai a watan Maris 2024 aka sako shi. Da Human Rights Watch ta ce sojoji sun kashe mutum 223 a Nondin da Soro, ciki har da yara 56, martanin hukuma shi ne dakatar da BBC da Muryar Amurka don sun ba da labarin. Ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS a watan Janairu 2025 ta rufe ƙofar kotun ƙungiyar da ke Abuja, wadda talaka ke iya kai ƙarar gwamnatinsa kai tsaye. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya tana bincike a Mali tun 2013, amma mutum biyun da ta yanke wa hukunci, Al Mahdi da Al Hassan, duk daga ɓangaren masu iƙirarin jihadi suke, kan abin da suka yi a Timbuktu. A watan Satumba 2025 Mali da Burkina Faso da Nijar suka sanar da ficewa daga ita ma. Ficewar ba ta shafe hurumin kotun a kan abin da aka aikata lokacin da ƙasa take ciki, don haka Moura da Ogossagou suna nan cikin abin da mai gabatar da ƙara zai iya ɗauka in ya ga dama, kuma irin waɗannan laifuka ba sa tsufa a dokar kotun.